Na samu gurbin digiri na uku a tauhidi a Amurka, dattawa sunce zan dawo ba bangaskiya

Tambaya:

Baba ina gaisuwa cikin sunan Ubangiji, ya hidima ya iyali. Ni malami ne a wata makarantar Baibul, shekara shida kenan ina koyar da Sabon Alkawari da ɗan Helenanci na 'yan aji ɗaya, shekaruna 37, ina da mata da yara uku. Na samu admishan na digiri na uku a wata seminari a Amurka, sun yafe min kuɗin makaranta gaba ɗaya amma haya da cefane da inshorar lafiya da kuɗin jirgi duk a kaina suke. Dattawan ikilisiyarmu sun rabu biyu, wasu sunce in tafi abin alfahari ne, wasu kuma sunce duk wanda aka tura waje ko dai bai dawo ba ko ya dawo yana shakkar tashin matattu, har wani dattijo ya karanta min maganar Festus wai yawan karatu zai juya min kai. Matata ma'aikaciyar jinya ce, tace duk abinda na yanke shikenan. Farfesan da zai duba aikina yana so in rubuta akan wani abu na nahawun Helenanci a wasiƙun Bulus, ni kuma abinda ke ci min rai tun da shine yadda mutanenmu zasu cika coci da safe amma da dare tsoron maita da aljanu baya barinsu barci. Saura wata biyu in basu amsa. Baba in tafi ko in haƙura?

Amsa:

Ɗana sannu, Allah ya ƙara basira, samun irin wannan gurbin ba wasa bane kuma ina taya ka murna. Amma tunda ka tambaye ni kai tsaye bari in baka amsa kai tsaye: kar ka tafi bana a yadda abin yake, kar kuma ka rufe ƙofar. Ka rubuta musu ka roƙi su ɗaga maka zuwa baɗi, makarantu da yawa suna yarda da haka in an nema da wuri. Kuma ba maganar dattawa bace tasa na faɗi haka, abu biyu ne da ka saka a ƙarshen wasiƙarka kamar basu da muhimmanci, wato amsar matarka da kuma batun da zaka yi bincike a kai. Zan zo kansu.

Bari mu fara sallamar Festus tukuna. Ka koma Ayyukan Manzanni 26:24 ka duba waye yayi maganar. Gwamnan Roma ne wanda bai san Almasihu ba, yana faɗawa Manzo Bulus, Bulus kuma ya amsa masa cewa hankalinsa ƙalau, gaskiya yake faɗi. Shi Bulus ɗin a gaban Gamaliyel yayi karatu, Musa an koya masa duk hikimar Masarawa, Daniyel shekara uku yayi yana koyon harshe da littattafan Kaldiyawa a Babila. To amma dan Allah kar ka ɗauki wannan ka je ka kunyata tsoho a gaban mutane, in kayi haka ka tabbatar masa da abinda yake tsoro tun kafin ka hau jirgi. Ayar ce ya ɗauko ba a muhallinta ba, tsoron nasa kam yana da tushe, ruwa baya tsami banza. Ya ga wasu sun tafi sun dawo wa'azinsu ya zama lakca, ba wanda ke fahimta, ba wuta ba hayaƙi.

Gaskiya ne akwai abubuwan da zaka karanta su girgiza ka. Tun ƙarni na 19 malaman Jamus irinsu Wellhausen suka tsattsaga littattafan Musa biyar suna cewa haɗe-haɗen rubutu ne daga zamani daban daban, Bultmann kuma ya zo a 1941 yace mutumin zamani bazai iya karɓar duniyar mu'ujiza da aljanu ta Sabon Alkawari yadda take ba sai an sake fassara ta. Amma ɗana kai malami ne, ka sani waɗannan sunayen suna nan cikin littattafan sharhin da ke laburarenku yanzu haka, ɗalibanka kuma suna kallon muhawarar masu musun Allah a YouTube a cikin ɗakin kwanansu. Teku ta daina tare komai. In malamansu basu taɓa zama sun fuskanci waɗannan tambayoyin har ƙarshe ba, waye zai amsa musu? Ka faɗawa dattawa wannan cikin ladabi.

Ka kuma basu labarin mutum biyu. Byang Kato ɗan Najeriya yayi karatu a Landan, ya wuce seminarin Dallas a Amurka ya gama digirinsa na dakta a 1974, bai dawo da shakka ba, shine ma ya zama babban sakataren ƙungiyar masu bishara ta Afirka kuma ya dage sai an kafa manyan makarantun tauhidi a nahiyar, na Bangui da na Nairobi daga wannan hangen nasa suka fito duk da bai rayu ya gansu ba, ruwa ya ci shi a gaɓar tekun Kenya a ƙarshen 1975 yana da shekara 39. Na biyun ya fi ban mamaki, Kwame Bediako na Ghana ya tafi Faransa karatun adabi baya ma yarda akwai Allah, a can Bordeaux ɗin ya sadu da Almasihu. Kaga kenan ba iskar Turai ce ke kashe bangaskiya ba. Ni a abinda na gani, abinda yafi cinye mutum a waje shine kaɗaici da bashi da aikin dare da rashin zumunta, mutum yayi wata shida bai durƙusa da kowa ba saboda yana bin lokacin miƙa takarda, sai zuciya ta bushe a hankali, daga baya a ɗorawa Bultmann laifi.

Yanzu ga inda nake so ka zauna da kyau ka saurare ni. A 1900 kusan kashi 80 cikin ɗari na Kiristocin duniya suna Turai da Arewacin Amurka ne, Afirka gaba ɗayanta wajen miliyan 10 ne kawai. Yau Afirka ta haura miliyan 600, kuma kusan biyu bisa uku na Kiristocin duniya suna Afirka da Asiya da Latin Amurka. A babban taron mishan na Edinburgh a 1910 wakilai kusan 1,200 ne suka taru, waɗanda suka fito daga ikilisiyoyin da ba na Turawa ba basu kai 20 ba. Mutanen sun ƙaura zuwa kudu amma manyan laburare da mujallun bincike da kamfanonin buga littafi da kuɗin sikolashif basu ƙaura ba, suna nan inda suke. Shi yasa har yanzu muke ɗaukar jaka mu tafi can, kuma ba laifi bane. Matsalar itace wanda ke da laburare shi yake zaɓar tambaya. Sai kaga mutum ya kwashe shekara shida yana amsa tambayar da ta dami Jamusawa shekara ɗari da suka wuce, ya dawo da hula da riga mai faɗi, tsohuwa ta zo masa tana kuka tace an cinye mata jika, ya rasa ta cewa sai dai yace mama kiyi addu'a. Wannan shine haɗarin da yafi kusa da kai, ba rasa bangaskiya ba.

Kai kuma Allah ya riga ya baka tambaya mai rai, ka faɗe ta da bakinka, mutanen da suke raira nasarar Yesu da safe tsoro ya hana su barci da dare. Kar ka raina ta ka ɗauka ba ta manyan malamai bace. Wani Ba'amurke mai suna Paul Hiebert da yayi aikin mishan a Indiya ya rubuta a 1982 cewa tauhidin da ya koya a gida ya bashi amsa akan Allah na sama, kimiyya ta bashi amsa akan abinda ido ke gani, amma tsakiyar nan inda ruhohi da tsoro da cuta mara dalili suke, ya tarar hannunsa wayam lokacin da mutanen ƙauye suka tambaye shi. To kaga ba mu kaɗai bane, fasto a Indiya da na Brazil da na Koriya duk suna fama da ita, har a Turai ma masu duba da taurari basu rasa kasuwa ba. Kuma Sabon Alkawari cike yake da ita. A Afisa ne masu sihiri suka tara littattafansu suka ƙona, aka ƙiyasta kuɗinsu azurfa 50,000, Ayyukan Manzanni 19:19, sannan ga wasiƙar Afisawa tana maganar ikoki da masu mulkin duhu, ga Kolosiyawa 2:15 inda aka ce ya tuɓe musu makamai ya kunyata su a fili. Mutumin da ya tashi cikin masu wannan tsoron zai ji abubuwa a cikin waɗannan ayoyin da wanda ya tashi a inda ake ɗaukarsu tatsuniya bazai ji ba. Wannan jari ne, ba kowa keda shi ba.

Bediako haka yayi a digirinsa na tauhidi a jami'ar Aberdeen ta Scotland a hannun Farfesa Andrew Walls. Ya ɗauko marubutan ikilisiya na farko irinsu Justin da Tertullian da Clement, mutanen da suka yi ta kokawa da tambayar ya zan zama Kirista ba tare da na daina zama ɗan al'ummata ba, ya jera su da malaman Afirka na zamaninsa irinsu John Mbiti da Bolaji Idowu da shi Kato ɗin. Tambayar gida ce, kayan aikin ne na jami'a. Shi Walls ma da kansa ya sha faɗin yadda ya je Saliyo a 1957 yana koyar da tarihin ikilisiyar ƙarni na biyu, sai wata rana ya farga ashe a cikin irin wannan ikilisiyar yake zaune, daga nan ya rage surutu ya koma saurare. Irin wannan malamin kake nema. A digiri na uku sufabaiza yafi sunan makaranta muhimmanci, shi zaka zauna dashi shekara da shekaru.

Saboda haka ka rubutawa farfesan nan imel, kar ka ji nauyi. Kar kace masa bana son nahawu, a'a, nahawun shine fartanyarka, ba Helenanci mai ƙarfi duk abinda zaka rubuta akan Afisawa hira ce kawai. Kace masa kana so kayi amfani dashi akan kalmomin da Bulus ya kira ikokin nan dasu, da abinda mutanen Afisa da Kolosi suka ji da aka karanta musu, da abinda hakan ke nufi ga ikilisiyar da har yau take cikin wannan tsoron. Amsarsa zata gaya maka komai. In yayi murna ya fara turo maka abin karantawa to ka samu uba. In yace wannan ba bincike bane ka bari sai ka koma gida kayi, to ka gode masa, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Sai kuɗi. Yafe kuɗin makaranta kamar an baka doki ne ba'a baka ciyawa ba. Bizar ɗalibi ta F-1 awa 20 kawai take baka a sati lokacin karatu, a cikin makaranta kuma. Matarka in ta biyo ka da bizar iyalin ɗalibi ta F-2 doka bata yarda tayi aikin albashi ba sam, ko awa ɗaya. Kuma ko bizar ma baza'a baka ba sai ka nuna shaidar kuɗin da zai riƙe ku. Tsarin Amurka kuma doguwar tafiya ce, kusan shekara biyu na zaman aji, sai jarabawar karanta Jamusanci da sau da yawa Faransanci, sai babbar jarabawa, kafin ma ka fara rubuta tesis, a ƙalla shekara biyar, da yawa suna kai bakwai. Ka lissafa, zaka gama kana da 43 ko 44, babban ɗanka ya shiga sakandare a can, ƙaramin baya jin harshenku sai dai ya gyaɗa kai. Anan ne rashin dawowa yake farawa, ba daga mugun nufi ba, mutum zai ce bari yaro ya gama aji kaza, bari in biya bashin nan tukuna, wata ikilisiyar 'yan ƙasa a can ta roƙe shi ya riƙe musu na ɗan lokaci, kafin ka ankara shekara goma sha biyar. Ubangiji da kansa yace mai gina hasumiya ya fara zama ya lissafa, Luka 14:28. Shekarar da nace ka roƙa ta neman ciyawar dokin ce. Akwai ƙungiyar Langham da faston Ingila John Stott ya fara a 1969, aikinsu kenan tallafawa malaman tauhidi daga ƙasashe irin namu suyi digiri na uku da sharaɗin zasu koma gida suyi hidima, kuma suna son ganin makarantarka ta tsaya maka. Ka nema da wuri, ba'a fafe gora ranar tafiya.

Toh matarka. Ɗana shekara nawa kayi da aure har yanzu baka san ma'anar "duk abinda ka yanke" ba? Wani lokacin yarda ce, sau da yawa kuma gajiya ce, ko tsoron kar ace ita ta tare kiran Allah. Duba abinda ake nema a wajenta: ta ajiye aikin da ta sha wahala ta koya, ta zauna a ɗaki a ƙasar sanyi da yara uku ba uwa ba ƙanwa ba maƙwabciyar da zata leƙo, kai kana laburare daga safe har dare, shekara shida hannunta bai taɓa mara lafiya ba. Ko kuma ka barta a gida ta zama uwa ta zama uba, aure ya koma kiran bidiyo. Duk biyun na ga gidajen da suka jure na kuma ga waɗanda basu jure ba. Kai zaka fito da dakta a gaban sunanka, ita da me zata fito? Ka zaunar da ita ba yara a wajen, kar ka tambaye ta in tafi ko kar in tafi, zata maimaita maka amsar farko. Ka tambaye ta me take tsoro, me zata rasa, me take so ta zama nan da shekara goma, sannan ka kama bakinka ko da shirun yayi tsawo. In a ƙarshe tace a'a to a'a ɗin nan tafi ƙuri'ar dattawa duka nauyi.

Kuma ba Amurka kaɗai ce hanya ba, wannan shine alherin zamanin da muke ciki. A Ingila da Scotland bincike ne zalla, shekara uku zuwa huɗu. Akwai cibiyar nazarin mishan ta Oxford da aka kafa a 1983, kana aikinka a gida kana zuwa na 'yan makonni a shekara. Akwai Africa International University a Nairobi, akwai Akrofi-Christaller a Akropong ta Ghana wadda Bediako ya kafa a 1987 bayan ya dawo, akwai Stellenbosch da Pretoria a Afirka ta Kudu. Bazan yaudare ka ba, laburaren wasu daga cikinsu bai kai na manyan makarantun Amurka ba, kuma har yanzu akwai masu jin sunan waje su miƙe tsaye su ji na gida su taɓe baki. Amma ga tambaya irin taka, zama kusa da mutanen da kake rubutu akansu wani laburare ne shima, sauran kuma intanet da ziyarar wata uku zuwa babban laburare suna rage shi sosai. Abu ɗaya dai, ka duba wa ya tantance makarantar, hukumar jami'o'in ƙasar ko ACTEA mai tantance makarantun tauhidi a Afirka tun 1976. Masu sayar da digirin dakta na wata shida a intanet sun yi yawa, ka biya a turo maka satifiket da hoton riga, ni kam in naga fosta an jera Dakta Dakta sai gabana ya faɗi.

In kuma duk an daidaita, farfesa ya yarda, kuɗi ya samu, madam tace eh da zuciya ɗaya, to ka tafi da albarkata, amma ka zauna da hukumar makarantarku da dattawa a rubuta yarjejeniya. Su suna tsoron bazaka dawo ba, kai ma kana da haƙƙin tambaya in na dawo me zan tarar. Domin laifin ba na masu tafiya bane kullum, an sha samun wanda ya dawo da zuciya ɗaya aka ɗora masa kwas bakwai da aikin rajistara da wa'azin kowace Lahadi, ba lokacin rubuta ko shafi ɗaya, wasu na gefe kuma suna masa kallon mai girman kai, bayan shekara uku ya tattara ya koma. A rubuta shekara nawa zaka yi musu, wane aiki, wa zai riƙa kiranka yana tambayar lafiyar ruhunka ba lafiyar tesis ba. Ni da zan zaɓa maka, dattijon nan mai Festus zan ba wannan aikin, wanda ya damu har ya buɗe maka aya bazai manta da kai ba. Ban ce duk wanda ya zauna a waje ya ci amana ba fa, Lamin Sanneh ɗan Gambiya a jami'ar Yale ta Amurka ya ƙare rayuwarsa a 2019 kuma abinda ya rubuta akan yadda fassara Littafi Mai Tsarki ta ɗaga harsunan mutane ya amfani ikilisiya ko'ina. Amma kai akwai aji da ke jiranka kuma da sunansu zaka nemi tallafi, alkawari kaya ne.

Wani abu kuma da zaka fara tun yanzu ko ka tafi ko baka tafi ba. A Akrofi-Christaller suna sa ɗalibi ya rubuta taƙaitaccen bayanin tesis ɗinsa da harshen uwarsa, na daɗe ina jinjina wannan dokar. Ka gwada, ɗauki shafi ɗaya ka rubuta abinda kake so ka bincika da harshen da kake wa'azi dashi, ka karantawa shugabar zumuntar mata da dattijon nan. In sun gyara zama sun fara baka labarin abinda ya faru da wane da wance, ka riƙe biro ka rubuta, babinka na farko kenan ya fara. In sun yi shiru suna kallon agogo to da sauran aiki.

Imel ɗin farfesa da na neman ɗagi ka tura su cikin satin nan, wata biyu ba yawa. Amma kafin ka danna tura ka fara zama da madam. Ka sake rubuto min in ji me tace, kuma ka gaishe min da ita da yaran.